Takardar Shaidar Da Na Rubuta Wa Kaina

Ko zan manta da komai na rayuwata ta aikin lauya, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na tafi Jibiya da ambulan a hammata ba. Har yau in abin ya faɗo mani a rai, ko abinci nake ci sai in tsame hannu. Na daɗe ina ɓoye labarin (matata ma rabinsa kawai ta sani), amma na ga gara in amayar da shi ko na samu sauƙi.

Abin ya faro ne daga wani kwas. Wata jami'a ta buɗe gajeren karatu na gaba da digiri a fannin dokar haraji, don lauyoyi masu aiki. Ana karatun ta intanet, a je a rubuta jarrabawa, a ƙarshe a ba mutum satifiket. A lokacin maganar sabbin dokokin haraji ta cika gari, kuma ofishin da nake aiki a Katsina na shirin ware mutum ɗaya ya riƙe wannan ɓangare. Ni kuwa shekara shida ina fama da rigimar gona da rabon gado, yaran da suka zo bayana suna ta wuce ni. Na ce a raina, wannan kujera tawa ce, ko da tsiya ko da arziki.

Na haɗa duk abin da suka nema: takardar digiri, shaidar zama lauya, hoto, da dogon bayanin dalilin da ya sa nake son karatun (a ciki na ce tun ina yaro harkar haraji ke burge ni, Allah ya yafe mani). Abu ɗaya ya rage, wato wasiƙar shaida daga wani babban lauya da ya taɓa kula da aikina a harkar haraji. Na tunkari maigidana na yanzu. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ni dai tun da ka zo ban taɓa ganin ka buɗe fayil ɗin haraji ba. In na rubuta, mi zan ce?"

Mutum ɗaya ne a duniya zai iya rubuta wasiƙar nan da gaskiya, shi ne Barista Sada na Jibiya.

A hannunsa na koyi aiki. Ina gama bautar ƙasa ya ɗauke ni, na yi shekara huɗu a ɗan ofishinsa da ke kan hanyar boda. 'Yan kasuwa ba su ma kiransa da sunansa, Lauyan Boda suke cewa. Wanda aka tsare wa motar hatsi, wanda aka yanka wa kuɗin fito fiye da ƙima, Buzun da ya shigo da raguna ya rasa wace takarda ake nema, duk wurinsa suke tahowa. Shi ya koya mani karanta doka layi-layi, da yatsa a kan takarda. Kuma mutum ne mai son musu. Da yamma in aiki ya lafa sai ya ɗauko wani sashe na doka ya ce, "Ƙaramin lauya, kai ne gwamnati, ni ne ɗan kasuwa. Kare kanka." Mu yi ta yi har a kira magariba. Abincin rana kuwa daga gidansa ake kawo mana, kwano biyu, matarsa Hajiya ba ta taɓa bambanta nawa da nasa ba.

Aikin Katsinan ma shi ya nema mani. Ranar da zan tafi na rantse masa duk mako zan leƙo. Watan farko na je sau biyu. Daga nan sai waya. Daga waya sai saƙon barka da Sallah, irin wanda ake tura wa mutum hamsin a lokaci ɗaya. Wata rana a tasha wani direba ya ce mani, "Ka ji Lauyan Boda ba ya jin daɗi?" Nan take na tura saƙo: Allah ya ƙara sauƙi, Oga. Amsa ta zo: "Amin, mun gode." (Ni da nake taƙama da karanta doka layi-layi, ban lura da wannan "mun" ɗin ba. Ba shi ya rubuta ba.) Na sa wayata aljihu na ji na sauke nauyi.

To ga shi yanzu ina bukatarsa, kuma ranar Litinin za a rufe karɓar takardu.

A sana'armu al'ada ce ƙarami ya tsara wa babba wasiƙa, shi kuma ya duba ya sa hannu. Na zauna na tsara. Jama'a, ban san ina son kaina haka ba sai ranar. Na ce ni ne lauya mafi hazaƙa da ya taɓa horarwa. Na ce ina da riƙon amana, da haƙuri, da hangen nesa. Da na zo wurin da jami'ar ta ce mai shaida ya bayyana ko har yanzu yana da masaniyar aikin mai neman gurbi, na ɗan tsaya, na sosa ƙeya, sannan na rubuta layi biyu. Na ce a raina ai Oga ba zai tsaya tona wannan ba, tsakaninmu ne.

Ranar Asabar na sa shadda mai maiƙo, na fesa turare, na nufi tashar mota. A tasha na tuna bai kamata in je hannu sake ba, na sayi kilishi.

Jibiya na nan yadda na bar ta. Manyan motoci sun yi layi suna jiran tsallakawa Maraɗi, 'yan kabu-kabu na kutsawa tsakaninsu, masu canjin sefa, kuɗin Nijar, na zaune a inuwa. Na zarce ofis. Na tarar an mayar da shi shagon taliya da man girki. An shafe allon da fenti, amma in ka ƙura ido kana iya ganin inuwar sunansa a ƙasa. Mai shagon ya ce, "Barista? Ai yana gida, ba ya fita." Wallahi abin da ya zo mani shi ne, tsoho ya yi ritaya yana hutawarsa, Allah ya kai mu.

Ɗiyarsa Murja ce ta amsa sallamata. Na bar ta tana sakandare, yanzu ta zama cikakkiyar mace. Ta tsaya tana kallona.

"Yaya? Kai ne?"

Kafin in amsa Hajiya ta fito daga madafa tana goge hannu da zane. "Lale, lale! Yau wa nike gani? Alhaji, ga ɗanka ya taho!" Ba ta ce mani ina na shige ba. Da ta faɗa da na ji sauƙi. Na miƙa mata ledar kilishi, ta leƙa ciki, ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "An gode, Allah ya yi albarka."

Yana zaune a kujera a falonsa, labule a sake, an lulluɓa masa mayafi daga kafaɗar dama zuwa cinya. Ya rame. Na durƙusa na miƙa hannu biyu, sai ya miƙo mani na hagu. Na ce a raina, to, fushi ake yi da ni, har an kai ga hannun hagu. Na ƙudura in wanke kaina da surutu.

"Ranka ya daɗe, mun same ku lafiya?"

"Ƙaramin… lauya," ya ce. Maganar ta fito a hankali, kamar ana jawo ta da igiya. Na ɗauka duk cikin fushin ne.

Sai na buɗe baki. Na ba shi labarin yawan aiki, da shingayen hanya, da tsadar mai, da yadda kullum nake cewa gobe zan zo. Na ba shi labarin kwas ɗin, da kujerar da nake hari a ofis. Na yi kusan minti ashirin ina zuba, ban tambaye shi jikinsa ba sai "ya ƙarfin jiki" ɗin da ake haɗawa da gaisuwa. Shi dai kallona kawai yake, idonsa na ƙyalli. Hajiya ta kawo fura ta zauna a bakin ƙofa, Murja na tsaye a bayan kujerarsa.

Da na ga kamar ya sauko, na zaro wasiƙar daga ambulan, na ɗora masa a cinya, na cire murfin biro na ɗaga gefen mayafin na cusa masa a hannun dama.

"Na riga na tsara, Oga, don kada in wahalar da kai. Nan ƙasa kawai za ka sa hannu."

Biron ya zame ya faɗi ƙasa. Na ɗauka, ina 'yar dariya, na sake sa masa. Ya sake faɗuwa. A nan ne na ji yadda hannun yake, sanyi, ba nauyin rai a cikinsa, yatsun a lanƙwashe.

Murja ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Yaya, hannun ba ya aiki. Ɓarin jikin ne ya shanye. Shekara biyu ke nan."

Sai a lokacin na dube shi da gaske. Na ga gefen bakin da ya karkace. Na ga sandar da ke jingine da bango, da kwanon koko da cokali a kan tebur. Na tuna kilishina. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe.

Na kai hannu zan janye takardar, sai ya danne ta da hannun hagu.

"Murja," ya ce. "Karanta."

"Oga, a bar shi kawai, ba wani abu ba ne…"

"Ban taɓa… sa hannu… ga abin da ban karanta ba."

Idonsa ya yi rauni, ashe ita ke karanta masa komai. Ta karɓa ta fara, da Turancinta mai kyau. Ina durƙushe ina sauraron yabon kaina daga bakin wata. Ba ta yi nisa ba Hajiya ta ce, "A'a, ku 'yan boko kada ku bar ni a baya. Fassara mani in ji abin arzikin da aka ce game da ɗana."

Haka aka koma yi. Murja ta karanta layi da Turanci, ta maimaita da Hausa. Duk wanda bai taɓa jin an fassara ƙaryarsa zuwa harshen uwarsa ba, bai san kunya ba. "Lauya mafi hazaƙa da na taɓa horarwa." Hajiya ta ce, "Ma sha Allah." "Mutum ne mai riƙon amana da cika alkawari." Hajiya ta ce, "Haka ne." Zufa ta jiƙa mani shadda har baya.

Sai Murja ta tsaya. Ta ɗago ta dube ni. Na san inda ta kai.

"Ci gaba," in ji shi.

Ta karanta da Turanci, da sauri. Hajiya ta ce, "Mi aka ce?"

Murja ta mayar da ido kan takardar. "An ce, tun da ya bar ofishina shekara shida da suka wuce bai taɓa yanke zumunci da ni ba. Yakan ziyarce ni a kai a kai, mu zauna mu tattauna sabbin dokokin haraji."

Ina jin ƙarar wata babbar mota can kan titi tana canja giya. Na kafa ido a kan tabarma, na ƙirga zarenta.

Hajiya ce ta fara magana. Ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "To, wata ƙila ranakun da nike tafiya Maraɗi wurin dangi ne yake zuwa." Ta tashi ta ɗauki kwanon fura wai za ta ƙaro ƙanƙara. Matar da shekara biyu ba ta kwana ko'ina ba sai gefen mijinta, ita ce ke nema mani mafita.

Na buɗe baki in ba da haƙuri, sai ya ɗaga yatsa.

"Murja. Sake… karanta wurin."

Na ɗauka hukuncina ke nan, kuma na cancanta. Ta sake karantawa. Ya lumshe ido yana saurare, har ta kai ƙarshe. Da ya buɗe, hawaye na bin gefen fuskar da ya shanye, bai ma san yana zuba ba.

"Ƙarya ce," ya ce. "Amma… ta yi daɗi."

Murja ta juya mana baya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Daga can ta ce, "Duk abin da aka rubuta a jarida kan dokokin nan sai na karanta mashi. In na gama sai ya ce, da ƙaramin lauya na nan da mun yi musu. Na ce in kira ka, ya hana. Ya ce kana da aiki."

Ban san lokacin da na kifa kaina a gwiwarsa ba. Ni, mai 'ya'ya uku, da shadda da turare, ina kuka kamar an yi mani mutuwa. Na ce, "Baba, ka yafe mani." Ban taɓa kiransa Baba ba sai ranar. Ya ɗora hannun hagu a kaina ya bar shi a nan har kukan ya tsaya.

Sannan ya ce wa Murja ta ɗauko takarda. Ba zai sa hannu a tawa ba, tasa zai yi.

Mun fi awa guda a kan wasiƙar da ba ta cika rabin shafi ba. Yana faɗa kalma-kalma, tana rubutawa, in ta sa kalmar da ba ita yake nufi ba ya buga hannun kujera. Ya ce na yi aiki a ƙarƙashinsa shekara huɗu a kan harkar kuɗin fito da harajin 'yan kasuwa. Ya ce ina saurin fahimta amma ina da gaggawa. Ya ce ban taɓa cutar wanda ya kawo mana ƙara ba, kuma na iya yi wa wanda bai yi boko ba bayanin doka har ya gane. Daga ƙarshe ya ce shekara shida rabonsa da ganin aikina, don haka ba zai iya shaidar abin da na zama ba, amma in har ina nan yadda ya san ni, jami'ar ba za ta yi da-na-sanin ɗaukata ba.

Murja ta fita ta bugo ta a shagon kwamfuta. Da ta dawo ya ce a ba shi biro. Da hagu. Ya gwada a wata takarda sau uku, harshensa a waje kamar ɗan aji ɗaya, sannan ya sa a ta gasken. Sa hannun da alƙalai suka sani shekara talatin ya koma wani karkataccen zane. Ta ɗauko hatiminsa daga durowa ta buga a gefe.

Na miƙa hannu zan ɗauke waccan tawa, in yayyage ta a hanya. Ya sake danne ta.

"Bar mani… wagga."

Na bar masa.

Kafin in tafi sai da ya ja ni musu. Ya ce ni ne gwamnati. Jimla ɗaya takan ɗauke shi minti guda, amma wallahi sai da ya kayar da ni. Hajiya na leƙowa tana dariya, ta ce rabon da ta ji muryarsa haka tun kafin ya kwanta.

Na yi alkawarin duk Asabar zan zo. Wannan karon na ɗan kamanta: na je sau uku a jere. Asabar ta huɗu bikin abokin aiki ya tare ni, ta biyar motar da na shiga ta lalace a hanya. Ranar Larabar da ta biyo baya, ina cikin kotu, wayata ta yi ta rawa a aljihu. Da na fito na ga kiran Murja har biyar. Kafin in isa Jibiya an dawo daga maƙabarta.

Ranar addu'ar uku, da mutane suka ragu, Murja ta same ni a zaure. Ta ce bayan zuwana na farko, kusan kullum sai ya sa ta karanta masa wancan wurin na wasiƙata, inda aka ce ina ziyartarsa. Har ta haddace. Ta ce, "Ba don in ɓata maka rai na faɗa ba, Yaya. Ya ji daɗin zuwanka, shi nike so ka sani." Na gyaɗa kai.

Bayan wata guda jami'ar ta aiko cewa an ɗauke ni. Na yi karatun, na karɓi satifiket, an ba ni kujerar. Yanzu ni ne masanin haraji na ofishinmu, har ƙanana na kawo mani tambaya. Sau da yawa in na ci karo da wani sashe mai sarƙaƙiya sai in ji hannuna ya nufi waya, sannan in tuna.

Darasin da na koya kuwa, ba wai kada lauya ya yabi kansa ba ne, wannan ko an hana mu ba za mu bari ba. Na dai gane cewa kafin mutum ya rubuta ƙarya, ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa mi za ta ci a mayar da ita gaskiya. Tawa, tafiya ce da ba ta kai awa guda ba, a kujerar gaba ta motar haya, kuma na samu shekara shida cur ban yi ta ba.